Tambayoyinku: Aski da Tsohon Gidan Reza, Burushi da Sabulu

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun shafi askin gemu irin na da, wato wanda ake yi da ruwa, da kumfar sabulu, da reza guda ɗaya mai baki biyu ko kuma aska. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Malam, na gaji wani gidan reza na ƙarfe daga mahaifina. Idan aka murɗa gindinsa sai kansa ya buɗe kamar ƙyauren ƙofa biyu, a wuyansa kuma akwai lambobi daga 1 zuwa 9. An rubuta Gillette a ƙarƙashin kansa tare da harafin F da lamba 2. Shin har yanzu zai yi aski, kuma yaya zan tsabtace shi?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗan'uwa, ya kuma sa albarka a abin da ya bari. Abin da ke hannunka zai yi aski sarai, domin rezar da ake sayarwa a yau tana shiga cikinsa daidai. King Camp Gillette ya fara sayar da irin wannan kayan aski a 1903, ya sami takardar mallakar fasaharsa a Amurka a 1904, sannan abin ya bazu sosai bayan da sojojin Amurka suka karɓi miliyoyinsa a lokacin Yaƙin Duniya na Farko suka koma gida da shi. Daga 1951 kamfanin ya riƙa buga harafi da lamba a ƙarƙashin kan, harafin yana nuna shekara, lambar tana nuna rubu'in shekarar. Harafin F a kan irin wanda ka bayyana yana nufin 1960, lamba 2 kuma watannin Afrilu zuwa Yuni. Lambobin da ke wuyansa na daidaita tazarar da ke tsakanin bakin reza da ƙarfen da ke kare fata ne, kuma idan lambar ta ƙaru, askin yana ƙara zafi. Ina ba ka shawara ka fara da 3, kada ka hau sama sai hannunka ya saba.

Wajen tsabtacewa, ka jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ka goge shi da tsohon burushin haƙori har daskararren sabulun da ya maƙale a lungunansa ya fita, sannan ka tsoma shi na 'yan mintoci a cikin sinadarin alkohol da ake goge fata da shi kafin allura. Kada ka tafasa shi, domin fentin lambobin zai iya fita, kada kuma ka sa shi a bilic, domin jikinsa tagulla ne da aka rufe da nikel, bilic kuwa yana cin wannan rufin. Idan ka tarar da tsohuwar reza a ciki, ka jefar da ita cikin gwangwani mai murfi. Abu guda da ba na sassauci a kansa shi ne haɗa kayan aski da wani, ko da ɗan'uwanka ne na jini, saboda ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa mako guda a cikin busasshen jini a jikin ƙarfe.

Tambaya: Malam, duk lokacin da na yi aski da abin aski na roba mai baki uku, sai ƙuraje su feso mini a wuya da ƙarƙashin haɓa. An ce mini tsohon salon aski yana maganin wannan. Gaskiya ne?

Amsa: Akwai gaskiya a ciki, amma sai an fahimci dalili. Gashin da ke da lanƙwasa, idan aka yanke shi ƙasa da saman fata, yakan juyo da tsininsa ya huda fatar yayin da yake tsirowa, jiki kuma ya ɗauke shi tamkar baƙon abu, sai wurin ya kumbura ya yi ƙurji. Abin aski mai baki da yawa, wanda ya fara da baki biyu a 1971, an ƙera shi ne ta yadda bakin farko zai ɗan janyo gashin waje, na bayansa su yanke shi kafin ya koma, don haka ragowar gashin yake nutsewa cikin fata. Wannan santsin da ake tallata shi da shi, shi ne tushen damuwarka. Reza guda ɗaya kuwa, wadda bakinta ɗaya ne kawai ke taɓa fata a lokaci guda, tana yanke gashi daidai da saman fatar ne.

Sai dai sauya kayan aiki kaɗai ba zai wadatar ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Mafi yawan alherin wannan aski yana cikin shiri da sauƙin hannu. Busasshen gashin gemu yana da tauri ƙwarai, amma idan ya sha ruwan ɗumi na minti biyu zuwa uku sai ya yi laushi, shi ya sa aski bayan wanka ya fi kowanne daɗi. Kafin ka fara, ka bar gemunka ya yi kwana biyu, ka shafa shi da yatsa don ka gane inda gashin yake fuskanta a kowane sashe, domin a wuya yakan karkata gefe ko ma ya tashi sama. Ka bi wannan kwanciyar gashin wajen aski, ka karkata gidan rezar yadda bakinta zai haɗu da fata a kusurwar da ta kai kimanin digiri 30, ka ja gajeru-gajeru, kuma kada ka danna ko kaɗan, nauyin ƙarfen ya isa. Kada ka ja fatar da ɗaya hannun don ta miƙe, kada kuma ka maimaita wurin da babu kumfa a kansa. Idan kana son ƙarin santsi, ka sake shafa kumfa ka bi gashin a gicciye, amma mai irin fatarka ya haƙura da askin da ke tunkarar gashi gaba da gaba. Bayan ka gama, ka ɗauraye da ruwan sanyi, ka shafa alif da aka jiƙa, ka wanke shi bayan ɗan lokaci. Ka sauya reza da zarar ka ji ta fara jan gashi. Idan ƙurajen sun riga sun yi ruwa ko suna barin tabo mai tudu, ka dakatar da aski na wasu makonni ka ga likitan fata.

Tambaya: Malam, mene ne bambancin sabulun aski da sabulun wanka? Mijina yana amfani da na wanka, kumfar kuma ba ta daɗewa a fuskarsa.

Amsa: Bambancin yana cikin haɗin, 'yar'uwa. Sabulun wanka an yi shi ne don ya cire maiƙo ya kuma fita da sauri, kumfarsa manyan ƙwayoyi ce da ke fashewa nan take. Sabulun aski kuwa yana ɗauke da sinadarin sitiyarik mai yawa, wanda ake samu daga kitsen shanu ko man itatuwa, ana kuma dafa shi da fotash haɗe da soda, sannan a bar masa gilisarin, shi ya sa kumfarsa take yin kauri da santsi, take kuma riƙe ruwa a jikin gashi har a gama. Maigidanki ya jiƙa burushi, ya yarfe ruwan, ya murza shi a kan sabulun na kusan rabin minti, sannan ya ci gaba da murzawa a fuska yana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har kumfar ta yi sheƙi, a daina ganin ƙwayoyinta. Idan ruwanku mai zartsi ne, kalsiyam ɗin da ke cikinsa yana kashe kumfa, don haka sai ya ƙara yawan sabulun.

Tambaya: Malam, na sami tsohon burushin aski mai kyakkyawar ƙota. Zan iya amfani da gashinsa yadda yake?

Amsa: Ni dai ban so ka yi hakan ba. Ana yin burushin aski da gashin wata dabbar daji mai kama da dage, ko na alade, ko na doki, ko kuma zaren roba, kuma wanda yake ƙyamar gashin alade ya kamata ya bincika kafin ya saya. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko da 'yan shekarun bayansa an sami mutane a Ingila da Amurka da suka kamu da cutar antaraks, wata muguwar cutar dabbobi da ke kama mutane, ta hanyar burushin gashin doki da ba a tsabtace ba, kuma ƙwayoyin wannan cuta suna daɗewa shekaru masu yawa ba su mutu ba, saboda haka burushin da aka yi kafin 1930 na ajiya ne kawai. Ko da naka bai kai haka tsufa ba, gam ɗin da ke riƙe gashin yakan bushe, gashin ya riƙa zubewa. Ka cire tsohon gashin, ka wanke ƙotar, ka manna mata sabon ƙulli na zaren roba mai faɗi daidai da raminta. Na roba na yanzu yana da taushi, yana saurin bushewa, ba ya kuma wari.

Tambaya: Malam, ina sha'awar aska mai naɗewa. Me zan duba idan zan sayi tsohuwa?

Amsa: Ka fara duba bakinta a cikin haske. Tsatsar da ke jikin ƙarfe nesa da baki ana iya goge ta, amma tsaga ko ramukan tsatsa a kan kaifin suna nufin sai an cinye ƙarfe mai yawa kafin ta gyaru, wani lokaci ma ba za ta gyaru ba. Ka duba bayanta, idan ya ci sosai ko ya ci a karkace, to an wasa ta fiye da kima. Askar da aka ƙera a Shefil ta Ingila, ko Solingen ta Jamus, ko Tiye ta Faransa galibi ƙarfenta nagari ne, kuma mai faɗin 5/8 na inci mai zagayayyen kai ita ta fi dacewa da mai koyo. Idan ƙotarta ta tsohuwar robar seluloyid ce kuma ka ga tsatsa ta bi daidai inda ƙarfen ke kwanciya a cikinta, robar ce ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe, sai a raba su nan da nan.

Washin farko ka kai wa wanda ya iya, domin ka san yadda kaifin gaske yake. Ana bin duwatsun washi ne daga mai kaushi, lamba 1000, zuwa mai laushi, lamba 8000, aska tana kwance da bayanta da bakinta duka a kan dutsen, baki yana gaba. A kan jemammiyar fata kuwa, wadda za ka goga askar a kanta kafin kowane aski, baya ne ke gaba, kuma a kan bayan ake juya ta idan an kai ƙarshe, in ba haka ba za ka yanke fatar ka kuma dakusar da kaifin. A makonnin farko ka aske kumatu kaɗai da ita, inda fuska take a shimfiɗe, ka ƙarasa haɓa da wuya da gidan reza. Bayan kowane aski ka share ta ta bushe sarai kafin ka naɗe, idan kuma za ta daɗe a ajiye ka shafa mata ɗan mai, domin ƙarfen irin waɗannan asake yana kama tsatsa cikin dare ɗaya idan aka bar shi da laima.