Manaja ya matsa wa 'yata a wurin aiki: akwai diyya?

Tambaya: A Amurka muke zaune. 'Yata mai shekara 17 tana aiki a gidan sayar da abincin gaggawa. Manajanta yana yi mata maganganun batsa, yana taɓa jikinta, da ta ƙi sai ya rage mata awannin aiki. Za a iya biyan ta diyya?

Amsa: Hajiya, akwai diyya, amma lokaci na iya cinye ta. Sashe na 7 na dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ya haramta wannan ga duk mai ma'aikata 15 zuwa sama. Sai an fara kai ƙorafi hukumar EEOC, wato hukumar tarayya mai sauraron ƙorafin wariya a wurin aiki, cikin kwana 180 daga abin da ya faru na ƙarshe, ko kwana 300 a jihohin da ke da tasu hukumar. Idan EEOC ta ba da takardar izinin shigar da ƙara, kwana 90 kacal ake da su.

Rage mata awanni shi ne ƙashin bayan shari'arku. Idan mai ikon kora ko rage albashi ne ya hukunta ta saboda ta ƙi, kamfani ba shi da mafita. In babu irin wannan hukuncin, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1998 kamfani na iya kare kansa da cewa yana da hanyar kai ƙorafi, ita ce ba ta bi ba. A nan matasa ke faɗuwa: kunya ta sa su yi shiru su bar aikin. Saboda haka ta rubuta ƙorafi yau, ta riƙe kwafi. Ta adana saƙonnin waya, jadawalin aiki na da da na yanzu, takardun albashi da sunayen shaidu.

Kuɗin kashi biyu ne. Albashin da ta rasa ba shi da iyaka, amma dole ta nemi wani aikin idan an kore ta. Diyyar ɓacin rai da ta ladabtar da kamfani kuwa, dokar 1991 ta yi musu rufi, wato iyaka, a haɗe: dala 50,000 ga mai ma'aikata 15 zuwa 100, dala 100,000 har zuwa 200, dala 200,000 har zuwa 500, dala 300,000 idan sun haura haka. Kada babban sunan da ke jikin allo ya ruɗe ki. Yawancin rassan nan wani ɗan kasuwa ne ya sayi izinin amfani da sunan, kuma galibi ma'aikatansa ake ƙirgawa. Ki sa lauya ya duba dokar jiharku, domin ta Kalifoniya, misali, ba ta sa rufi ba.

Ko ta sa hannu a takardar amincewa da sasanci ba tare da zuwa kotu ba lokacin ɗaukar ta aiki, dokar 2022 ta ba ta damar zuwa kotu. Taɓa jikin yarinya kuma na iya zama laifi, a sanar da 'yan sanda.