Fatawa: Mawaƙan Kirsimeti sun tsaya a ƙofata, yaya zan yi da su?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a gidan haya a Sabon Gari, nan Damagaram. Mu iyali huɗu ne a gidan, ɗaya Kirista ne, mutumin kirki. Duk watan Disamba, ana saura ƴan kwanaki Nowel, wato Kirsimeti, matasan majami'arsu kan zo bayan Isha'i da ganga da kacau-kacau suna rera waƙoƙinsu. Bara da suka gama a ƙofarsa sai suka matso tawa, har suka miƙo mini akwatin tara kuɗi. In buɗe musu? In ba su kuɗin? In ce musu barka? Abincin da yake aiko mana ranar 25 ga wata fa, ya halatta?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, abu biyu ne suka zo maka a wannan dare, kuma kowanne da hukuncinsa: akwai mutanen, akwai waƙar. Mutanen maƙwabcinka ne da baƙinsa, suna da haƙƙi a kanka. Waƙar kuwa ibada ce a addininsu, kuma yawancinta tana kiran Annabi Isa (AS) Ubangiji ko ɗan Allah, abin da Alƙur'ani ya kore ƙarara a Suratu Maryam, aya ta 88 zuwa 92, da Suratul Ikhlas. Don haka mutanen ka mutunta su, ibadar kuma kada ka sa hannu a cikinta.

A Suratul Mumtahana, aya ta 8, Allah ya ce bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba, bai hana mu yi musu adalci ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 36, ya yi umarni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa, bai keɓe Musulmi ba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanka akuya a gidan Abdullahi ɗan Amr (RA), sai ya riƙa tambaya ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude, ya kafa hujja da hadisin wasiyyar Mala'ika Jibrilu a kan maƙwabci. Malaminmu na Malikiyya, Imam Ƙarafi, ya tsefe mas'alar a cikin al-Furuƙ: ciyar da mai jin yunwa daga cikin waɗanda ba Musulmi ba, tausasa musu harshe, kare mutuncinsu, haƙuri da abin da maƙwabtaka kan jawo, duk kyautatawa ce da aka yi umarni da ita. Abin da aka hana shi ne duk wani abu da zai nuna kana girmama alamomin addininsu.

To, idan sun ƙwanƙwasa, ka fito da kanka, kada ka tura yaro, kada kuma ka kashe fitila ka yi lamo kamar ba kowa. Ka tsaya a bakin ƙofa da sakin fuska ka ce sannunku da zuwa, ina gajiya, yaya sanyi. Irin wannan gaisuwa ta al'ada ce, ba ita ce sallamar da Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce kada a fara yi musu ba. In su suka yi maka sallama, ka amsa da “wa alaikum”. Ibnul Ƙayyim ma ya ce idan lafazin sallamar ya fito sarai, adalci ne a cika musu amsa. Daga nan, tun kafin mai ganga ya ɗaga hannu, ka ce da babbansu: “Mun gode da kuka tuna da mu, amma mu Musulmi ne, ba ma shiga waƙar ibada. Allah ya bar mu da zaman lafiya.” Wannan ya wadatar. Lokacin hunturu ne, ga iska ga hazo, sun daɗe suna yawo a ƙasa, in kana da ruwa ko shayi ka ba su, sadaka ce. In sun riga sun fara kafin ka fito, kada ka daka musu tsawa. Abin da ya faɗo a kunnenka ba da nufinka ba babu laifi a kanka. Laifin yana cikin ka shimfiɗa tabarma ka zauna sauraro, ka yi tafi, ka yi amshi, ko ka ɗauka a waya kana yaɗawa. Sau da yawa sukan rufe da yi wa gida addu'a da sunan Yesu. Kada ka ɗaga hannu, kada ka ce amin. Ka yi shiru har su gama, ka ce ka gode da fatan alheri.

Akwatin nan kuwa, abin da ake tarawa a cikinsa galibi na hidimar majami'a ne da shagalin bikin. Ko dala ashirin kada ka jefa, domin taimako ne ga ibadar da ba ka yarda da ita ba, Suratul Ma'ida aya ta 2 kuma ta hana taimakekeniya a kan saɓo. Ibnul Haj ya kawo a al-Madkhal cewa Ibnul Ƙasim ya ƙi Musulmi ya yi wa Banasare kyauta saboda idinsa. Wannan bai rufe ƙofar alheri ba. In maƙwabcin nan yana da majinyaci, ko kuɗin makarantar yara ya matsa masa, ka taimaka masa hannu da hannu a wata ranar, kuma ranar Layya kada kasonsa na nama ya ɓace.

Maganar barka ita ce wadda malamai suka yi saɓani a kai, kuma ya kamata ka san ɓangarorin biyu. Ibnul Ƙayyim ya ce taya su murna da bukukuwan addininsu haramun ne, har ya hakaito ittifaƙi, wato haɗuwar malamai, a kai. Wasu malaman zamani, irin su Shaihu Yusuf Ƙardawi da Shaihu Abdullahi bin Bayya da gidan fatawa na Masar, sun halatta ga wanda ake zaman lafiya da shi, matuƙar kalmar ba ta ɗauke da yarda da aƙidarsu. Abin da na fi natsuwa da shi: ka bar lafazin “barka da Kirsimeti”, ka ce Allah ya ba da lafiya, Allah ya tsare iyali, Allah ya shirye mu baki ɗaya. Ka fita daga saɓani, maƙwabcinka kuma bai ga ɗaurin fuska ba. Wanda ya bi ɗaya fatawar kada ka kafirta shi, kada ka mai da shi abin zagi a majalisa.

Abinci: shinkafa, cincin, biskit, lemun kwalba, ƴaƴan itace, duk ka karɓa ku ci. An ruwaito daga Nana A'isha (RA) game da kyautar Majusawa, masu bautar wuta, ranar idinsu cewa kada a ci abin da aka yanka domin ranar, amma a ci na itatuwansu. Naman Majusi daban yake da na Ahlul Kitabi, wato Yahudu da Nasara, wanda Ma'ida aya ta 5 ta halatta. Sai dai Shaihu Khalil a Mukhtasar ya lissafa abin da aka yanka domin gicciye ko domin Isa a cikin makaruhai. A garin nan da yawan Kiristoci a wurin mahauta Musulmi suke sayen nama, wasu ma maƙwabci Musulmi suke kira ya yanka musu rago ko kaji. In haka ne babu sauran magana. In kana shakka, ka tambayi wanda ya aiko maka sau ɗaya cikin ladabi. Naman alade da giya ba a karɓa, ko da da niyyar ba wani ne. Kada kuma ka karɓi kwano ka juye a bola yaransa suna gani. Gara ka ce masa tun farko wane iri kuke ci.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne wajen yara. Wasu kan bi mawaƙan suna amshi har su haddace, wasu kuma su bi su da jifa da eho. Ka hana naka duka biyun, ka zaunar da su ka karanta musu labarin haihuwar Annabi Isa daga Suratu Maryam, su san mu ma muna son sa, a matsayin bawan Allah kuma Manzonsa. Zagin abin bautar waɗanda ba Musulmi ba Suratul An'am aya ta 108 ta hana shi. Mutanen Damagaram ba su manta da Juma'ar 16 ga Janairun 2015 ba, ranar da aka ƙona majami'u a garin nan aka yi asarar rayuka. Babu malamin da ya san Allah da zai ce Shari'a ta yarda da wannan.

Tsakar gidan haya ta kowa ce, ba ka da ikon hana maƙwabcinka karɓar baƙinsa a ƙofarsa. Abin da ya fi shi ne tun farkon Disamba ka same shi ku biyu, ka roƙe shi ya gaya wa shugaban mawaƙan su tsallake ƙofarka, su kauce wa lokacin sallar Isha'i, kada kuma su kai dare sosai saboda tsofaffi da jarirai. In aka saɓa, ka sake yi masa magana. In abin ya ƙi, sai a kai wa mai gidan hayar, bayansa mai unguwa.

Wallahu a'alam.