Amsar tambayar Maman Ummi a kan aikin ƙeya

Salamu alaikum 'yan uwa. Maman Ummi, na saurari saƙonki, kin ce hoton MRI ya nuna yarinya tana da Chiari, likita ya ce tiyata, kina tambayar nawa ne kuɗin. Ni dai na san ba kuɗin ne ya hana ki barci ba, tsoro kike kada a taɓa ƙwaƙwalwa ta nakasa.

To ki kwantar da hankalinki. Ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta ƙeya ce gindinta ya zazzago cikin ramin da laka ke fita daga ƙoƙon kai, in zazzagowar ta kai milimita 5 ake ba shi wannan suna na Chiari. Sai ya toshe wa ruwan ƙwaƙwalwa hanya. Shi ya sa in ta yi tari ko atishawa ƙeyar ke sara mata. Aikin kuma ƙashi ne za a ɗan cire a ƙeya, wani lokaci har da bayan ƙashin wuya na farko, a buɗe fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa a yi mata faci, wuri ya samu. Ba kowa ake buɗe wa fatar ba ma, ya danganta.

Ciwon kan yawanci yana sauƙi. Amma in ruwa ya riga ya taru cikin laka, hannu ya fara sagewa, to aikin tsayar da ɓarna yake yi, abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba.

Abin da ke ƙona min rai ke nan. Akwai yaron da aka kawo mana, ƙeyarsa duk tabon ƙaho, an ce iska ce, an yi hayaƙi, an yi turare. Yaro yana ɗaukar butar shayi da zafinta, yatsu duk sun sale, bai ji ba! Kakarsa har yaba shi take wai jarumi ne. Jarumtar me? Laka ce ta... kai, a bar maganar.

Haɗari akwai, ba zan ɓoye miki ba: ruwa kan yoyo ta wurin ɗinki, sanƙarau kan shiga. In kin ga bandeji ya jiƙe da ruwa fari ko zazzaɓi ya taso, ku koma asibiti a daren.

Ki tambayi likitan ko hoton ya nuna ruwa a laka. Kuɗin kuma ki kira ni anjima.