Filin Tambayi Sista: Me nas take gani idan ta tsura wa mara lafiya ido?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk akan duba mara lafiya suka zo, daga ɗalibai har iyaye, toh na tsinci guda biyar, sauran ku yi haƙuri sai wani makon in Allah ya kai mu.

Tambaya: Salam Anti, ni ɗalibar jinya ce aji biyu, yanzu muna koyon aiki a wani asibiti nan cikin gari. Abinda ke damuna duk takardar awon da na buɗe numfashi 20 ne ko 22, kowa da kowa safe da yamma, da na tambayi wata siniya sai tace in rubuta kawai ai ga na'ura a yatsa tana nuna oksijin 97. Dan Allah haka ake yi? Ga jarabawar aiki ta matso. Ɗaliba, Tudun Wada.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yata. A'a ba haka ake yi ba, kuma naji daɗi da abin ya dame ki, dan ranar da ya daina damunki ke ma kin shiga layin masu rubuta 20. A cikin awon nan da muke yi kullum, zafin jiki, bugun jini, hawan jini da numfashi, numfashin shine wanda aka fi rainawa saboda ba na'urar da za ta ƙirga miki a wod ɗinmu, kuma sau da yawa shine yake fara canzawa idan mutum zai rikice. Babban mutum da yake kwance lafiya lau yana numfashi 12 zuwa 20 a minti. In kika ƙirga 25 ko sama wannan ba abin rubutawa a wuce bane, abin kira ne.

Yadda za ki ƙirga, kar ki ce masa Baba zan ƙirga numfashinka, yana ji zai fara gyara shi. Riƙe wuyan hannunsa ki gama ƙirga bugun jini, sai ki ci gaba da riƙewa kamar baki gama ba amma idonki na kan ƙirjinsa, minti ɗaya cur da agogo. Kina ƙirgawa kina kallo, hancinsa na buɗewa yana rufewa? kafaɗunsa na ɗagawa? in kika gaishe shi yana iya ƙarasa "lafiya lau alhamdulillahi" a numfashi ɗaya ko sai ya yanke a tsakiya ya ja iska? ya ƙi kwanciya ya dage sai a zaune da filo uku a baya? Duk wannan bayani ne kuma na'ura ba za ta baki shi ba.

Ita 97 ɗin da siniyarki ta dogara da ita, ki tambayi kanki da wane irin wahala jikin yake riƙe da ita. Mutum na iya nuna 97 saboda yana haki sau 30 a minti, da zarar ya gaji sai ta faɗo lokaci guda. Mai ciwon suga da jininsa ya yi tsami zaki ga yana jan numfashi mai zurfi da sauri alhali oksijin ɗinsa lafiya lau, haka yaro mai maleriya mai tsanani. Sannan na'urar kanta tana ruɗewa in yatsa yayi sanyi, ko akwai jan farce, ko hannun na rawa. Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye, a 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun gwada lambar na'urar yatsa da ta gwajin jini, sai suka ga a marasa lafiyan da na'ura ke nuna 92 zuwa 96, baƙaƙen fata sun fi farare kusan ninki uku wajen samun ainihin oksijin ɗinsu yana ƙasa da 88. Kinga kenan a fatarmu tana iya yi miki daɗin baki.

Batun jarabawa kuma tsarin bai canza ba, kallo, taɓawa, ƙwanƙwasawa, saurare. Wanke hannu, sallama, faɗi sunanki, nemi izini, ja labule, malamai na ba da maki akan waɗannan kuma ɗalibai na zubar da su dan rawar jiki. Ƙwanƙwasawa ce naga tafi ba ɗalibai tsoro alhali kowa ya taɓa yinta a gida, in kina son sanin inda ruwa ya tsaya a jarka ai bugawa kike kiji inda sautin ya toshe. Wani likita a Biyana ta ƙasar Austiriya, Leopold Auenbrugger, shi ya rubuta dabarar a 1761, abin sauraron ƙirji kuma sai 1816 René Laennec ya ƙirƙiro shi a Faransa. Shimfiɗa yatsarki ta tsakiya tsakanin haƙarƙari biyu ki buga da ta tsakiyar ɗaya hannun, motsin daga wuyan hannu zai fito. Inda sauti ya toshe ana zargin ruwa ko limoniya, inda yayi ƙara fiye da kima ana zargin iska ta taru. Kullum dama sannan hagu a daidai wuri ɗaya, haka ma saurare, kuma akan fata ba ta saman riga da hijabi ba.

Abu na ƙarshe, lamba ɗaya ba ta cika magana ba sai kin jera ta da 'yan uwanta. Numfashi 18 da safe, 24 da azahar, 28 da magariba, bugun jini ya tashi daga 88 zuwa 112, gashi Baban da yake ta tsokanarki da safe yanzu sai kin kira sunansa sau biyu, wannan mutumin jikinsa na rikicewa ne ko da BP ɗinsa, wato awon hawan jini, bai motsa ba. In zaki gayawa babbar nas ko likita kar ki ce "jikin gado na shida ba daɗi", karanto lambobin da lokutansu a jere.

Tambaya: Sista ina wuni. Na kai yarona ɗan wata tara ƙaramin asibitin unguwa yana tari da zazzaɓi, nas ɗin ko gwaji bata yi ba, ta ɗaga rigarsa ta zuba masa ido tana kallon agogo, ta bashi magani ɗaya tace maza mu tafi babban asibiti. Wlh raina ya ɓaci, gani nayi kawai korarmu tayi. Wata uwa, Rigasa.

Amsa: Lafiya lau Maman yaro, ya mai jiki? Allah ya bashi lafiya. Ni kam da zan ga nas ɗin nan sai na mata godiya a madadinki, abinda tayi shine gwajin. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna da tsarin duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ake koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, kuma a ciki ƙirga numfashi ne babbar hanyar gane limoniya inda babu hoton ƙirji. Jariri ƙasa da wata 2 in ya kai 60 a minti yayi sauri, daga wata 2 zuwa 11 iyakar 50 ce, daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5 kuma 40. Rigar da ta ɗaga, ƙasan haƙarƙarinsa take kallo, in yaro ya ja numfashi wurin nan ya lotsa ciki maimakon ya buɗe toh huhun na aiki da ƙyar. Shi yasa ake so yaron yana kwance shiru, in yana tsala kuka lissafin ya ɓaci sai an lallashe shi an sake.

Tunda har ta tura ku, akwai yiwuwar ta ga wani abu bayan saurin numfashin. Alamomin da basa jira sune yaro ya kasa kama nono ko shan ruwa, yana amayar da komai, ya yi jijjiga, ko ya yi laushi sai barci ba ya farkawa sosai. Maganin da ta bashi kafin ku tafi shima a tsarin yake, na riƙe hanya ne. Inda zan ɗan ga laifinta shine rashin bayani, minti biyu ya isa ta ce Hajiya kinga nan, kinga yadda yake lotsawa, da baki fita da fushi ba. Daga Rigasa in dare ne kar ki jira gari ya waye, asibitin Yusuf Ɗantsoho na nan Tudun Wada, ga na Barau Dikko a cikin gari.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. A kemis an auna min hawan jini 152/96, kwana biyu a asibiti aka samu 128/82. Wanne zan yarda dashi? Magidanci, Kawo.

Amsa: Barka kadai Alhaji. Kafin in zaɓa maka sai na ji yadda aka yi kowanne. Ƙa'ida ka zauna minti 5 tukuna, baya a jingine, ƙafa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗore akan tebur daidai da zuciya, ba magana ba waya, ba fitsari a mara, kuma rabin awa kafin nan ba goro ba kofi ba sigari. Yanzu wanda ya sauko daga Keke cikin ranar Kaduna da goro a baki, aka naɗa masa abin awo akan hannun babbar riga yana tsaye suna hirar siyasa da mai kemis, ai dole lamba ta hau. Girman abin naɗawar ma na da tasiri, in yayi wa damtse kaɗan sai ya ƙara lamba, masu jiki sun sha cin wannan zalunci.

Amma kar ka ɗauki 128 ɗin ka tafi kana murna. Ba a yanke hukuncin hawan jini da awo ɗaya, kuma ba a wanke mutum da awo ɗaya. Ka sake a ranaku daban daban yadda na faɗa, ka rubuta da kwanan wata, in yana kai 140/90 ko sama ka kai wa likita takardar. In kuma ka taɓa ganin 180/120 tare da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji, ko hannu ko baki ya saki, wannan asibiti ne a take.

Tambaya: Anti ni sabuwar nas ce a ƙaramin asibiti a wani ƙauye ta wajen Igabi, sau da yawa ni kaɗai ce a dutin dare. Mata suna zuwa haihuwa hannu da ƙafa duk lalle, ido da kwalli, bana gane ƙarancin jini. Rannan wata bayan ta haihu BP 110/70 amma bugun jini 118, na rasa ko in damu ko a'a.

Amsa: Ki damu ƙanwata, sosai ma. Mai ciki jininta na ƙaruwa, ga ƙuruciya, dan haka tana iya zubar da lita guda BP na nan zaune kamar ba komai, zuciya ce ke gudu tana rufa asiri. Raba bugun jini da lambar sama ta BP, 118 a raba da 110 ya haura 1, a mai jego kuwa daga 0.9 ake fara tashi tsaye. A sauƙaƙe, duk sanda bugun jini ya kamo lambar sama ko ya wuce ta ki nemo inda jini yake fita.

Hannunki ya fara zuwa kan cikinta, mahaifa ta zama dunƙule da tauri a daidai cibiya ko ƙasa kaɗan. In kika ji ta lugub ko ta haura cibiya ta karkace gefe, murza ta, a zubar da fitsari, ki bi tsarin zubar jini da aka koya muku da oksitosin, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, da sauransu, ki sa ruwa da babbar allura, ki fara neman mota tun kafin ki tabbatar kina buƙatarta. Ɗaga zanin ki duba ƙarƙashinta da idonki dan jini na taruwa a baya, kuma mata da kara sai tace miki ba komai. Zubar jini mililita 500 shine iyaka a haihuwa ta ƙasa, kuma ido na raina jini, shi yasa babban binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitocin Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya yi amfani da leda mai ma'auni da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mai haihuwa, da aka haɗa da ba da magunguna a tare mummunan sakamako ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Awa biyun farko duk minti 15 ki leƙa ta.

Lalle kuma ba zai hana ki aiki ba, bar tafin hannun. Ja fatar idon ƙasa ki kalli can ciki bayan layin kwalli, ki sa ta fito da harshe, ki juya leɓen ƙasa, da tocila mai farin haske in babu wuta. Taɓa hannu da ƙafa kiji ko sun yi sanyi da gumi, ki lura in tana ta neman ruwa ko ta kasa natsuwa.

Tambaya: Sista me yasa a ciki ake saurare kafin a taɓa? Kuma ni namiji ne, mata da yawa basa yarda in duba su. Ɗalibi, Kakuri.

Amsa: Saboda dannawa na iya canza kukan hanji, shi yasa a ciki ake kallo, saurare, ƙwanƙwasawa, sannan taɓawa. Tambaye shi ya nuna inda ke ciwo da yatsa ɗaya, ka fara daga nesa ka ƙare a wurin, hannu da ɗumi, gwiwoyinsa a ɗan lanƙwashe, idonka na kan fuskarsa dan wani ba zai ce wash ba amma fuska zata faɗa. Ciki da yayi tauri kamar ba zai dannu ba, mai shi baya son ko motsi, kar a bashi abinci ko ruwa, a kira likita.

Matan kuma haƙƙinsu ne ɗana, kar ka ji haushi. Yi bayani kafin ka taɓa, samo nas mace ko 'yar uwarta ta tsaya a wurin, buɗe iya inda zaka duba ka rufe sauran da zani. In duk da haka tace a'a, ka rubuta cewa bata amince ba ka nemo abokiyar aiki mace ta duba ta, kar a bar ta haka nan ba a duba ba.