Gwanayen zamiyar ruwa da ba a jin sunansu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ranar Asabar mun kai yara Tafkin Jabi, muka ga jirage masu inji suna tsala gudu. Da muka dawo, babban ɗana ya nuna min bidiyon wani mutum tsaye a kan allo, jirgi na jan sa da igiya yana zamiya a kan ruwa. Wai gasa ake yi da wannan, ko shagalin masu kuɗi ne? In gasa ce, ina gwanayenta?
Daga wata uwa a Kubwa, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gasa ce sosai, kuma ta tsufa. Wani matashi, Ralph Samuelson, ne ya fara wannan zamiya a 1922 a jihar Minesota ta Amurka, kuma tun 1949 ake gasar duniya, wadda aka fara a Faransa. Sau ɗaya aka nuna wasan a Olamfik, a 1972 a Jamus, ba a kuwa sa shi cikin jerin wasannin ba. Babban abin da ya binne sunayen gwanayensa ke nan, domin wasan da Olamfik ba ta ɗauka ba, talabijin ba ta cika waiwayarsa ba.

Bari in nuna miki abin da ya sa wannan ke ci min rai. Akwai rukunin da ake jera ƙwallaye shida a kan ruwa, uku dama uku hagu, kowace tana mita 11.5 daga hanyar jirgin. Jirgin na gudun kilomita 58 a awa in namiji ne, 55 in mace ce. Duk wanda ya kewaye shidan sai a rage masa igiya. Daga mita 18.25 ake ta ragewa, har igiyar ta kasa kaiwa inda ƙwallon take.

Ni da kaina na auna wannan a tsakar gidana da igiyar shanya. Na kafa dutse a mita 11.5, na ja igiya mita 9.75, na tsaya ina kallon ratar da ta rage, ta kai tsawon mutum a kwance. Da jiki ake cike ta: mutum ya kwanto har kafaɗarsa ta kusa taɓa ruwa, hannu ɗaya riƙe da igiya. A wannan tsawon Nate Smith na Amurka ya kewaye ƙwallo biyu da rabi (wato ya zagaya na uku amma bai kai ga dawowa hanyar jirgin ba) a 2013, ya kafa tarihin duniya.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Regina Jaquess. Ta sha kafa tarihin mata a igiya mai mita 10.25, alhali sana'arta harhaɗa magunguna ce a jihar Fulorida ta Amurka. Sai Patrice Martin na Faransa, wanda ya zama zakaran duniya a 1979 yana ɗan shekara 15, ya tara kambin duniya 12. A rukunin tsalle kuwa, inda mai zamiya ke hawa wani tudu a kan ruwa ya tashi sama, Ryan Dodd na Kanada ya yi tsalle mai nisan mita 77.4 a 2017.

Batun kuɗi kam kin yi gaskiya, jirgi da mai ba arha ba. In yaron ya nace, a fara kai shi ya koyi iyo a hannun ƙwararre, kuma kada ya hau ko da kwalekwale a Jabi sai da rigar kariya.