Faci ne ko kwaskwarima? Amsar tambaya kan gyaran tsohuwar kwamfuta

Wani mai karatu ya tambaya: Malam, ƙaramar manhajar nan da ake sawa ta gyara kuskuren BIOS a tsofaffin kwamfutoci, faci za a ce ko kwaskwarima?

To ɗan'uwa, faci ne, kuma don Allah a daina cewa kwaskwarima. Kwaskwarima gyaran ganin ido ne, a shafe sama a bar ciki yadda yake, shi kuwa faci ciwon yake bi. Faci kalmar aro ce amma ta daɗe da zama tamu, tamu ta gado kuma ita ce maho, wato ƙyallen da ake ɗorawa a kan inda riga ta yage a ɗinke.

Amma fa gyaran iri biyu ne kuma mutane na haɗa su. BIOS wata manhaja ce da ke zaune cikin ɗan guntu a jikin bod ɗin kwamfuta, ita ke fara tashi in ka kunna, ta duba memori da faifai da agogo kafin ta miƙa wa Windows ragama. In kuskuren a cikinta yake ana iya sake rubuta ta gaba ɗaya, shi ne masu gyara ke cewa fulashin. Ko kuma a bar ta da kuskurenta a sa wata manhaja da za ta riƙa tashi bayanta tana rufe ɓarakar duk lokacin da aka kunna, to wannan na biyun shi na fi so a kira maho, don yagewar tana nan a ƙasa, ka cire mahon ta dawo. A farkon shekarun 1990 BIOS da yawa ba sa ganin faifan da ya wuce kusan megabait 528, sai a sa manhajar Disk Manager ta kamfanin Ontrack kwamfuta ta ga sauran. Haka da 2000 ta gabato, agogon wasu tsofaffin kwamfutoci lamba biyu kawai yake riƙewa na shekara, daga 99 sai ya koma 00 su ɗauka 1900 ce, nan ma an yi ta sa irin wannan mahon.

Akwai wanda faci ma ba ya wadatarwa. Kuskuren lissafin rabawa na Pentium, wato guntun lissafin kwamfuta na kamfanin Intel, a 1994 a jikin guntun kansa yake, dole Intel ta canza wa mutane da sabo.

Wata kuma ta ce mai gyara ya ƙi yi mata fulashin, wai kar garin neman gira a rasa ido, me yake nufi?

Gira ado ce, ido kuwa da shi ake gani, ma'ana kar neman ƙaramin amfani ya jawo babbar asara. Kuma ya faɗe ta a muhallinta wallahi, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutun, ko aka sa fayil ɗin wani bod daban, tsohuwar kwamfuta sai ta mutu murus, ka danna fanka na juyawa allo baƙi ƙirin. Sai dai 'yar'uwa ki tambaye shi wace matsala sabon BIOS ɗin ke gyarawa, kamfani yakan rubuta a takardar bayaninsa. In matsalar da ke damunki ce a ciki, to wannan ba gira ba ce, a yi fulashin ɗin da cikakken caji da caja a jone.