Daga ɗakin tiyata zuwa bincike: shin na makara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni nas ce mai ba da allurar barci a wani asibiti a Zariya, shekara 9 ke nan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne matan da ake kawo mana daga ƙauyukan Giwa da Soba bayan doguwar naƙuda, jini ya kusa ƙarewa, alhali 'yar Samaru mai irin matsalar takan koma gida da jaririnta. Ina son in shiga bincike kan wannan bambanci, amma ana ce mini aikin likitoci ne. Na makara? Kuma sai na bar tiyata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Sista. Ba ki makara ba, kuma kada ki bar tiyatar. Mai cewa sai likita, ki tambaye shi wa ke rubuta awon jini da bugun zuciya duk minti biyar yayin da ake aiki. Takardar nan ita ce jarinki.

Hanyar a bayyane take. In difloma gare ki, ki fara kammala digirin jinya, sannan ki nemi digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen. Ki dage kan ƙididdiga, nan ne yawancinmu muke kasawa.

Amma ga abin da nake so ki ajiye a bakin ƙofa. Kullum sai na ji ma'aikaci ya ce: "Ai jahilci ke kashe su, ba sa zuwa da wuri." Na gaji da wannan magana. Wanda ya shiga bincike da ita ya rubuta sakamakonsa tun kafin ya fara, ƙarshenta kuma a ce "a wayar da kai", a buga fosta, a watse. Ƙwarai, akwai masu tsoron allurar kashe zafi da ake yi a baya saboda jita-jitar tana gurgunta mace, akwai 'yan kemis masu ɗaura ruwan naƙuda a shago. Ban wanke su ba. To amma matar da ta yarda tun magariba, aka rasa mota har asuba fa? Wadda ta iso, aka ce miji ya nemo jini, ya sayo zare da safar hannu, aka zauna jiran a tada janareta fa? Ita ma jahilcinta ne?

Tun 1994 masu bincike Thaddeus da Maine suka kasa jinkirin da ke jawo mutuwar mata wajen haihuwa gida uku: na yanke shawara, na hanya, da na cikin asibiti. Na ukun namu ne, shi ya sa ba ma son auna shi. Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2018 kan ƙasashen Afirka 25 ya nuna majinyatanmu, duk da sun fi ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, sun ninka matsakaicin duniya sau biyu wajen mutuwa bayan tiyata, galibi kuma bayan ranar aikin, suna kwance a ɗakin jinya. Waɗannan ai sun zo asibiti. A hannunmu suke.

Kafin ki buɗe fayil ɗaya, ki nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku. Za su ja ki, takarda na iya yin wata da watanni a kan tebur, ki daure. Wannan taka-tsantsan na da dalili: mutanenmu ba su manta gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba.

Da amincewar ta fito, ki buɗe rajista mai sauƙi: garin da mace ta fito, lokacin da ta bar gida, lokacin da ta iso, lokacin da aka ce a yi aiki, lokacin da aka sa wuƙa, da kuɗin da aka kashe. Bayan wata 6 ki kawo mini mu duba tare.